Koguna biyar da titin jirgi na uku

A tsakiyar watan Yuni na shekarar 2019 na dawo daga aiki na tarar an zuro wata takarda ta kafar ƙofa, tana sanar da cewa kamfanin da ke tafiyar da filin jirgin sama na Heathrow da ke Landan ya buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a a kan shirinsa na gina titin jirgi na uku, kuma duk mai magana yana da daga 18 ga Yuni zuwa 13 ga Satumba ya faɗi albarkacin bakinsa. A lokacin shekarata bakwai a Ingila, ina zaune da iyalina a gidan haya kusa da ƙauyen Colnbrook da ke yamma da filin jirgin, ina kuma aikin lissafi a wani kamfani mai jigilar kayan da jirage ke saukewa. Ma'ana dai abincina yana tattare da jiragen nan da ke wucewa ta saman rufinmu tun kafin gari ya waye, kuma ta wannan fili nake bi duk lokacin da zan je ganin gida. Ban shiga wannan al'amari a matsayin mai gaba da filin jirgi ba, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan tun daga farko.

Maganar titin ta daɗe ana yin ta. Gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sir Howard Davies a 2012, ya miƙa rahotonsa a watan Yuli na 2015 yana ba da shawarar a gina sabon titi a arewa maso yammacin filin, sannan a ranar 25 ga Yuni 2018 majalisar dokoki ta amince da ƙuri'a 415, masu adawa kuwa 119. Titin zai kai tsawon mita 3,500, zai ƙara sauka da tashi kimanin 260,000 a shekara a kan 480,000 da doka ta iyakance, za a bi da babbar hanyar M25 ta ƙarƙashinsa, za a kuma rushe gidaje sama da 750, ciki har da ƙauyen Longford baki ɗayansa da babban ɓangare na Harmondsworth. Jaridu sun fi mayar da hankali ga ƙara da hayaƙi da gidajen mutane, kuma suna da gaskiyarsu. Ni kuwa da na buɗe taswirar aikin a intanet, abin da ya tsaya mini a rai shi ne shuɗayen zaren koguna da ke saukowa daga arewa suna ratsa daidai inda aka shata titin.

Dalili kuwa shi ne ni ɗan fadama ne. A wani ƙauye kusa da Haɗeja aka haife ni, inda shekarar mutum ke auna kanta da zuwan ruwa da janyewarsa: shinkafa idan ya zo, kamun kifi idan ya fara ja, alkama da barkono a kan danshin da ya bari, sannan shanun Fulani su biyo bayan girbi. Na tashi ina jin manya suna ba da labarin yadda ambaliyar shekara ta sauya bayan an gina madatsar Tiga a 1974, na kuma ga da idona yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a shekarun da suka biyo bayan madatsar Challawa ta 1992. Wanda ya taso a irin wannan wuri ya san cewa fadama ɗakin kwanan kogi ce, kuma idan aka gina wani abu a cikinta, ruwa zai nemi wurin kwana a gidan wani.

Ga kuma abin da na gani a nan. A watan Fabrairu na 2014, bayan ruwan sama na makonni, Kogin Thames ya cika ya tumbatsa, ya shiga Datchet da Wraysbury da Staines, har sai da aka turo sojoji suna jera buhunan yashi. A layinmu ruwan bai shigo ta bakin ƙofa ba. Ta ƙasa ya tsattsafo, ya cika ɗan lambun bayan gida, magudanun titi suka riƙa mayar da abin da aka zuba musu, muka kwana uku muna ɗora kaya a kan kujeru. Tun daga lokacin na fahimci cewa ƙasar da muke takawa a kwarin Colne tsakuwa ce a kan yumɓu, ruwa yana tafiya a cikinta kamar yadda yake tafiya a cikin yashin rafi da rani, kuma bai da nisa da tafin ƙafa.

Matakin farko shi ne karatu. An ajiye takardun aikin a intanet da kuma wasu ɗakunan karatu na yankin, kuma mafi nauyinsu shi ne rahoton farko a kan tasirin aikin ga muhalli, wanda ya kai dubban shafuka idan aka haɗa da rataye-ratayensa da taswirorinsa. Na ware daren Talata da na Alhamis da safiyar Asabar. Makon farko ya tafi a banza, domin na fara daga shafi na ɗaya kamar mai karatun littafi, sai wata dattijuwa da ke zama a teburin da ke kusa da nawa, wadda ta yi shekaru tana bin irin waɗannan takardu, ta ba ni shawara in zaɓi babi biyu kawai in san su ciki da waje. Na zaɓi babin ruwa da babin halittu. Na sayi littafin rubutu mai kaurin bango, na raba kowane shafi gida biyu, a hagu in rubuta abin da aka yi alkawari, a dama in rubuta tambayar da ta zo mini.

Koguna biyar ne aikin zai taɓa. Akwai Colne kansa, wanda ke tasowa daga Hertfordshire ya faɗa Thames a Staines, yana shan ruwan ƙoramu irin su Ver da Gade da Chess da Misbourne, waɗanda ke ɓuɓɓugowa daga dutsen alli. Irin waɗannan ƙoramu ba su da yawa a duniya, kuma mafi yawansu a Ingila suke. Akwai rassansa biyu, Wraysbury da Colne Brook. Sauran biyun kuwa haƙa su aka yi da hannu: na Duke of Northumberland tun ƙarni na 16, da Longford wanda Sarki Charles na Ɗaya ya sa aka haƙa a 1638 domin kai ruwa fadar Hampton Court. Shirin shi ne a karkatar da dukansu, a haɗe wasu a hanya guda, a bi da mafi yawan ruwan ta wani rufaffen rami na kankare a ƙarƙashin titin jirgin, ya fito ta kudu ya ci gaba da tafiyarsa. Da na ɗora wannan a kan taswirar ambaliya ta Hukumar Kula da Muhalli, sai na ga wani yanki mai faɗi na filin aikin yana cikin shiyya ta uku, wato inda ake ƙiyasin ruwa zai iya malalewa aƙalla sau ɗaya cikin shekara ɗari. Wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne yawan tsofaffin ramukan haƙar tsakuwa da aka cike da shara shekaru da dama da suka wuce, waɗanda dole a tone su ko a bi da sababbin hanyoyin ruwa ta gefensu.

A watan Yuli na je ɗaya daga cikin tarukan baje kolin da aka shirya a garuruwan yankin. Zaure ne babba, an jera alluna da taswirori, ma'aikata suna tsaye kowa da fanninsa. Na nemi mai kula da sashen ruwa, aka haɗa ni da wani injiniya matashi wanda ya saurare ni da natsuwa, bai kuma nuna gajiya da tambayoyina ba. Tambayata ta farko ita ce ina ruwan zai kwana idan aka cike fadamar. Ya bayyana mini ƙa'idar da ake bi a ƙasar: duk gurbin ruwan da gini ya cinye, sai an haƙa madadinsa a wani wuri, daidai yawansa kuma daidai tsayinsa daga ƙasa, tare da ƙarin kaso saboda sauyin yanayi, kamar mai biyan bashin hatsi mudu da mudu har da gyara. Ya nuna mini filayen da aka ware a arewacin titin domin tara ruwa lokacin ambaliya. A lissafi abin ya zauna, kuma ni mai aikin lissafi ne, na san darajar jimlar da ta daidaita.

Tambayata ta biyu ce ta buɗe mini ido. Na ce masa to ai sai a mayar da waɗannan filaye fadama ta sosai, da ciyayi da kududdufai, agwagin ruwa da zalɓe su samu inda za su koma. Sai ya yi mini bayanin abin da ban taɓa kawowa a raina ba, ko da yake a bakin filin jirgi nake aiki. Tsuntsu babban haɗari ne ga jirgi. Kowa ya ji labarin jirgin da ya sauka a kan Kogin Hudson a Amurka a watan Janairu na 2009 bayan garken dinya ya shiga injinansa biyu, kuma irin wannan dinyar ta cika tafkunan yammacin Landan. Saboda haka ƙa'idar sufurin jiragen sama ta tanadi a sa ido a kan duk abin da zai jawo tsuntsaye cikin kewayen kilomita 13 daga fili. Ana barin ciyawar gefen titi ta yi tsayin kamar santimita 15 zuwa 20 domin tsuntsaye su ƙi sauka, ana kuma tsara duk wani sabon wurin tara ruwa yadda zai tsiyaye da wuri, ko a yi masa gaɓa mai tsayi, ko a lulluɓe shi da raga. Na tsaya ina kallon taswirar na ɗan lokaci. Fadamar da za a ɗauke tana yin aiki biyu a lokaci guda, tana riƙe ruwa tana kuma ciyar da masu rai, amma wadda za a biya da ita an wajabta mata ta yi na farkon ta guji babban ɓangare na na biyun. Babu mugun nufi a cikin wannan, domin ba wanda zai so jirgi ɗauke da mutum ɗari uku ya haɗu da garken dinya, ni ma 'ya'yana suna hawa jiragen nan. Sai dai kalmar madadi da ke cike da takardun ta fi ƙarfin abin da za a iya bayarwa a kusa da titin jirgi.

Gani ya kori ji. Washegari na bi gefen kogunan nan biyu na haƙa, waɗanda aka taɓa karkatarwa lokacin gina tashar fasinja ta biyar da aka buɗe a 2008. Aikin ya yi kyau a irin nasa: ruwa na gudu garai-garai, an zuba tsakuwa a ƙasa, ciyayi sun kama, na kuma hango ƙananan kifaye. Amma a saman ruwan an shimfiɗa raga. Kogi ne da aka hana tsuntsu saukarsa, kuma wannan shi ne samfurin da ya fi kusa da abin da ake shirin yi, sai dai shi aƙalla yana ganin rana.

Daga nan na ga ya kamata in san abin da ke cikin ruwan kafin in yi magana a kansa. Na shiga cikin wasu 'yan sa-kai da ke auna lafiyar kogi sau ɗaya a wata ta hanyar ƙirga ƙwarin da ke zaune a ƙasansa. Aka ba ni dogon takalmin roba mai kaiwa ƙirji da wata 'yar koma mai sanda. Yadda ake yi shi ne mutum ya shiga ruwa ya juya wa igiyarsa baya, ya kafa komar a gabansa, ya riƙa tuttura tsakuwa da ƙafa har minti uku cif, yana sauya wuri tsakanin tsakuwa da ciyawa da gefen gaɓa, sannan ya ƙara minti ɗaya yana ɗaga manyan duwatsu da hannu. Sai a juye abin da aka samu a farin faranti mai ɗan ruwa, a jira laka ta kwanta. Da farko ban ga komai ba sai ɓaraguzan ganye. Can sai ɓaraguzan suka fara motsi. Ga wasu ƙanana masu kama da jatan lande suna iyo a kan gefensu, ga 'ya'yan ƙwari masu jela uku suna tsalle, ga kuma wani ɗan tsinke da na kusa zubarwa, ashe tsutsa ce da ta gina wa kanta gida da ƙwayoyin yashi, ta liƙa su ɗaya bayan ɗaya kamar aikin magini, kanta da ƙafafunta kawai ke leƙowa. Rukuni takwas ake ƙirgawa, a ba kowanne maki gwargwadon yawansa, idan jimlar ta faɗi ƙasa da wani ma'auni a sanar da hukuma cewa wani abu ya shiga ruwan.

A bakin wannan farantin na gane abin da rufaffen ramin yake nufi. Waɗannan ƙwari suna cin gansakuka da ciyayin da rana ke rayawa, kifi yana cin su, idan suka yi fiffike suka tashi da almuru jemagu suna bin saman ruwa suna cafke su, kuma kogin shi ne hanyar da jemage da karen ruwa ke bi daga wannan daji zuwa wancan. Akwai kuma wani dogon kifi mai siffar maciji da ake kira il, wanda ake haifa a Tekun Sargasso can tsallaken Atlantika, ya yi tafiyar dubban kilomita ya shigo Thames ya hauro Colne ya girma, kuma yawansa ya ragu ƙwarai tun shekarun 1980 har an sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Ko da an jera fitilu a cikin ramin, ko an bar kafofin haske, za a yanke kwarin gida biyu da wani tsawo na kankare, kuma duk abin da ya ƙi shiga duhu zai tsaya a gefensa.

A watan Agusta na yi yini guda a Staines Moor, fadamar da ke kudu da filin aikin, inda Colne ke ratsawa kafin ya isa Thames. Makiyaya ce ta jama'a tun 1065, ba a taɓa sa mata garma ba, shanu da dawaki suna kiwo, kuma ƙasarta cike take da tudun gidajen tururuwa da suka daɗe ƙwarai. Titin ba zai hau kanta ba, amma ruwan kogin da take sha daga arewa yake gangarowa, ta daidai inda za a karkatar. A kewayenta akwai manyan tafkunan ajiyar ruwan sha da tsofaffin ramukan tsakuwa da aka ba kariya saboda agwagin da ke zuwa da sanyi. A shekarar 2000 aka sa su cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar ta ƙasashen duniya mai kare dausayi, shekarar da aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma, wuri na farko da Najeriya ta shigar. Dangantakar ta wuce ta takarda. Tsattsewa da wasu ƙananan tsuntsayen ciyawa da ke ƙyanƙyasa a nan da bazara suna tsallake Sahara su yi hunturu a Afirka, wasunsu a dausayin Sahel, kuma a 1969 masu lura da tsuntsaye a Birtaniya sun ga wani nau'i ya ragu matuƙa a shekara guda, daga baya aka gano fari ne a Sahel ya cinye su. Tsuntsun da ke da gida biyu, asarar kowanne daga ciki tana taɓa shi.

Da daddare na kira kawuna a gida, wanda ya tsufa a kan kwalekwale. Bayan mun gaisa ya tambayi yara, na ce, “Kawu, wai kogi za su bi da shi ta ƙarƙashin ƙasa, jirgi ya riƙa sauka a samansa.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “To ɗana, ruwan dai zai wuce, ai ruwa ba ya bukatar ido. Kifin fa, wa zai gaya masa akwai haske a gaba?” Ya kuma tambaye ni ko sun fara haƙa sabuwar fadamar tun yanzu, domin a saninsa sabon kududdufi yana ɗaukar damina da yawa kafin gaiwa da tarwaɗa su yarda da shi. Na ce masa ba a fara ba. Wannan tambaya tasa ta lokaci ita ce ta zama kashin bayan abin da na rubuta, kuma akwai misalinta a kusa da ni: Harmondsworth Moor, wurin shaƙatawa da aka raya a kan tsohon juji aka buɗe a 2000, ya ɗauki kusan shekara ashirin kafin bishiyoyinsa su yi inuwa, ga shi kuma yana kan hanyar titin.

Rubutun ya ɗauke ni mako uku. Dattijuwar nan ta ɗakin karatu ta gargaɗe ni cewa takardar da ta ce ba na so kawai, ƙirga ta za a yi a wuce, amma wadda ta ambaci babi da sakin layi ta yi tambaya takamaimai, dole a ba ta amsa a rahoton da za a miƙa wa masu duba tsare-tsare, domin dokar tsare-tsaren gine-gine ta 2008 ta wajabta wa mai neman izinin babban aiki ya nuna yadda ya yi la'akari da ra'ayoyin da aka aiko. Don haka na jingine fushi na riƙe hujja. Na nemi a kawo misalin wani wuri da aka taɓa bin da kogi mai rai ta rufaffen rami mai irin wannan tsawo aka kuma auna abin da ya biyo baya, idan kuwa babu, a faɗa a fili cewa gwaji ne, a kuma faɗi abin da za a yi idan ya gaza bayan an riga an shimfiɗa titin a sama. Na nemi a raba lissafi biyu, a nuna nawa ne daga cikin filayen madadi zai zama mazaunin tsuntsayen ruwa da gaske, nawa ne kuma wurin tara ruwa da aka tsara domin ya kore su, kada a ƙirga fili ɗaya sau biyu. Na nemi a fara raya sababbin wuraren shekaru kafin a taɓa tsofaffin. A kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na fi tsawaitawa, na ba da labarin lambunmu a 2014, na tambayi yadda harsashin titi da ramin hanyar M25 za su sauya tafiyar ruwa a cikin tsakuwa, da kuma abin da zai hana ruwan tsohuwar shara da maganin narkar da ƙanƙara da ake fesa wa jirage da sanyi su gangara cikin sababbin hanyoyin.

Sakin layi ɗaya ya ba ni wahala fiye da sauran. Fom ɗin yana da gurbin da mutum zai faɗi ra'ayinsa a kan aikin gaba ɗaya, ni kuwa na san abokan aikina da yawa, 'yan Indiya da Somaliya da Poland da Ghana, suna jiran wannan titi domin yana nufin aiki ga 'ya'yansu. Maiɗakina ta ce mini in rubuta abin da na sani in bar abin da ban sani ba. Na rubuta cewa ina cin abinci daga filin jirgin kuma ina son ya ci gaba, amma a yadda aka tsara sashen koguna ba zan iya goyon bayansa ba, domin asarar tabbatacciya ce kuma nan take, abin da za a biya da shi kuwa alkawari ne na gaba wanda ƙa'idar kare jirage ta riga ta rage masa ƙarfi. Na aika ta intanet a daren 11 ga Satumba, shafi shida, na buga kwafi na ajiye.

Abin da ya biyo baya bai bi ta hanyar da kowa ya zata ba. A ranar 27 ga Fabrairu 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa manufar gwamnati a kan titin ta saɓa wa doka, saboda ba a yi la'akari da Yarjejeniyar Paris ta sauyin yanayi ba. Makonni kaɗan bayan haka annobar korona ta tsayar da zirga-zirga, har filin ya koma aiki da titi ɗaya na wani lokaci, kuma a watan Afrilun shekarar na fara jin kukan tsuntsaye daga tagar ɗakinmu da hantsi. A ranar 16 ga Disamba 2020 Kotun Ƙoli ta soke wancan hukunci, amma ba a shigar da takardar neman izinin ba, saboda haka rahoton da zai amsa tambayoyina bai fito ba. Hukunce-hukuncen biyu a kan ɗumamar yanayi suka ta'allaƙa, kogunan ba su ne a gaban alƙalai ba. Sai a ranar 29 ga Janairu 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar da cewa gwamnati tana goyon bayan titin na uku, maganar ta dawo sabuwa.

A wannan daren na ciro kwafin shafuka shidan nan na sake karantawa, na ga babu tambaya ɗaya a ciki da ta tsufa. Abin da ya ƙaru shi ne littafin ƙirga, domin ban daina shiga ruwa ba, in ban da watannin kulle da lokutan da kogin ya cika har ya zama haɗari. Yanzu ina da adadin ƙwarin wuri ɗaya na shekaru da dama, rani da damina, kuma idan aka sake buɗe ƙofar jin ra'ayi da shi zan je. Babbar 'yata, wadda ba ta kai shekara goma ba lokacin da takardar farko ta shigo ta kafar ƙofa, ita ce ke riƙe agogo yanzu tana ƙirga mini minti ukun daga kan gaɓa, ita ce kuma ke ware masu gidan yashi daga marasa gida a cikin faranti da ɗan cokalin roba, tana faɗin adadi ina rubutawa.